GINI BA YA YIN ALLURA: Amsa ga masu cewa ɗakin gwaje-gwajen jami'a bai shafi ɗan kifi ba



Juma'ar da ta wuce, bayan an sakko daga masallaci, muna zaune a rumfa muna jiran mota ta sauke kaya, sai hira ta kai mu kan maganar faɗaɗa ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'inmu domin a horar da ma'aikatan lafiya na karkara. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce: "Mu 'yan kifi ina ruwanmu? Wannan zancen 'yan boko ne. A gyara mana hanyar Baga, a gina asibiti a ƙauye, shi ke nan." Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ban ja da shi a wurin ba, don ba a raine mu da sa-in-sa da manya a gaban mutane ba. Amma Baba, ka yi haƙuri, maganar nan ba daidai ba ce, kuma ga dalilina.

Damina biyu da suka wuce, naƙuda ta kama matar masuncin da ya fi shekara goma yana aiko min da banda daga bakin tafki. Ƙauyensu akwai asibiti, sabo fil, fenti ko dusashewa bai yi ba. Akwai gadaje, akwai allon suna a ƙofa. Abin da babu shi ne ungozoma. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Kafin a samo mota, kafin a buɗe hanya da safe, ƙarfinta ya ƙare. Ba su kai gari ba. Jaririn yana nan a hannun kakarsa. Da mijin ya zo Maiduguri na yi masa ta'aziyya, abin da ya ce min kawai shi ne: "Alhaji, da akwai mai allura." Mutuwa ta Allah ce, mun yi imani. Amma Allah bai hana mu neman sababi ba, kuma gini ba ya yin allura. Mutum ne ke yi, mutumin da aka koya masa.

To, a ina ake koya masa?

Nan ne zancen ya dawo kan jami'a. Da yawanmu mun ɗauka ƙeta ce ke sa a hana 'ya'yanmu gurbin karatun likita ko na jinya alhali sun ci jarrabawa. Wani lokacin akwai son kai, ban musa ba. Amma babban dalilin shi ne kowace makaranta tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka. Hukumar likitoci ta ƙasa, da ta ma'aikatan jinya da ungozomomi, da ta masu gwajin jini, su ne ke zuwa su ƙirga ɗakunan gwaje-gwaje, da madubin likita da ake duba ƙwayoyin cuta da shi, da malamai, da gadajen asibitin koyarwa, sannan su yanke adadi. In ɗakin ya yi kaɗan, gurbin ma kaɗan ne. Mu da muke banda mun fi kowa gane wannan: komai yawan tarwaɗar da koma ta kamo, iya faɗin murhunka ne iya abin da za ka gasa, sauran ya ruɓe a gabanka. Haka 'ya'yanmu masu ƙwaƙwalwa ke ruɓewa a gida kowace shekara, saboda murhun ya yi kaɗan.

An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, aka ƙaddamar da asibitin koyarwarta a 1983. Ku dubi Maidugurin wancan lokaci ku dubi ta yau. Ku tuna ba Borno kaɗai wannan asibiti ke ɗauka ba, har da maƙwabtan jihohi da mutanen Chadi da Nijar da Kamaru. Sannan ga abin da fitina ta yi mana: a ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin cibiyoyin lafiya sama da 700 da ke Borno, kusan kashi ɗaya bisa uku an rushe su gaba ɗaya. An sake gina da yawa, Allah ya saka wa waɗanda suka yi da alheri. Amma bulo da kwano wata shida sun isa. Ungozoma sai ta yi shekaru a aji. Likita shekara shida, in ba a yi yajin aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kada wani ya ce min kwalejojin jinya da na fasahar lafiya sun wadatar, a bar jami'a da manyanta. Su wa ke koyarwa a waɗannan kwalejoji? Waɗanda jami'a ta yaye. In uwa ba ta ƙoshi ba, ɗa ba zai samu nono ba.

Na san abin da wasunku za su ce, don na sha ji a rumfa.

Na farko: "A horar da su su gudu Saudiyya da Ingila." Gaskiya ne, suna tafiya, kuma ba zan zagi wanda ya tafi neman na kansa ba. Amma a duba wa ake ɗauka tun farko. Yaron da ya tashi a unguwar masu hali, bai taɓa kwana inda babu fanka ba, ka tura shi Kukawa ko Marte ka ce ya zauna? Ba zai zauna ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawara a fili cewa in ana son ma'aikaci ya zauna a karkara, a ɗauko ɗan karkara a koyar da shi, a kuma kai shi karkara koyon aiki tun yana ɗalibi. Habasha ta gwada daga 2003: ta riƙa zaɓar mata daga ƙauyukansu, a horar da su shekara ɗaya, a mayar da biyu-biyu kowane ƙauye da albashi, har suka haura 30,000. Nan arewa ma an gani. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye ya ba su shekara guda ta share fage a darussan kimiyya kafin su shiga makarantar ungozoma. Yarinyar Doron Baga da uwarta da ƙannenta ke can, wadda ke jin Kanuri da Hausa, ita ce za ta koma. Saboda haka ni ma ina tare da ku a nan: faɗaɗa ɗakin gwaje-gwaje ba tare da ware wa 'ya'yan karkara gurbi ba, noma ne don tsuntsaye.

Na biyu: "Babu tsaro, wa zai je?" Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ba wanda zai koya wa 'yan kasuwar nan ma'anar tsoro. Mun kwashe gawarwakin 'yan uwanmu a nan a watan Maris da watan Yuni na 2015. Ba mu manta da Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman ba, ungozomomin da aka sace a Rann a 2018 aka kashe su, Allah ya jiƙansu. Wajibi ne gwamnati ta tsare ma'aikacin lafiya, ta ba shi muhalli, ta biya shi fiye da na birni. Amma ga tambayata: an mayar da mutane Baga, an mayar da su Kukawa. In wuri ya yi amincin da za a mayar da mace mai ciki, ta yaya bai yi amincin da za a kai mata ungozoma ba? Kifi yana yin tafiyar kusan kilomita 200 daga Baga ya iso rumfunanmu. Tunda kifi na zuwa, magani ma zai iya zuwa.

Na uku: "Babu kuɗi." Wannan kam ban yarda ba. Akwai asusun TETFund, wanda aikinsa ke nan, gine-gine da kayan aiki a manyan makarantu, daga harajin ribar kamfanoni. Akwai Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa a 2017, hedikwatarta nan cikin garin Maiduguri. Akwai jami'ar jiha da ke Njimtilo, wadda aka kafa a 2016, yanzu ne take tasowa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matsalar ita ce madubin likita ba ya kyau a hoto kamar ƙatuwar ƙofar shiga. Ba a tara 'yan jarida don an sayi sinadarin gwajin jini.

Wanda ke shakkar amfanin ɗakin gwaji ya tuna da shan inna. A asibitin koyarwa na Maiduguri akwai ɗakin gwajin wannan cuta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A 2016 cutar ta sake ɓulla a Gwoza da Jere, kuma gwaji ne ya tona ta, aka bi ta da rigakafi gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na daji a watan Agustan 2020. Ya kuma tuna ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin koyarwar ya lalata na'urori, ga kwalara ta biyo baya. Ranar muka gane duk ƙwanmu a kwando ɗaya yake.

Mu ma ɗakin gwajin nan zai yi mana aiki kai tsaye. Yaran bakin tafki nawa ne ke fitsarin jini ana cewa alamar balaga ce, alhali tsargiya ce da ɗigon fitsari a ƙarƙashin madubi zai nuna, kuma maganinta ƙwaya ce? Mata nawa hayaƙin banda ya cinye wa ido da ƙirji? Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci: akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Da muna da inda za a gwada kayanmu a tabbatar da tsabtarsu, da mun kare lafiyar masu saye a Onitsha da Legas, mun kare sunan kifin Baga.

Ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu su kai gaba, a rubuce, da hatimi:

1. A faɗaɗa ɗakunan gwaje-gwaje da na koyon aiki a jami'o'in biyu, da wuta mai amfani da hasken rana, da ruwa, da kuɗin gyara na kowace shekara, a kuma gina su inda ambaliya ba za ta kai ba.

2. A ware gurbi na dindindin ga kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin Borno, musamman Kukawa, Monguno, Marte, Abadam, Guzamala da Ngala, a kuma manna sunayen a fili don kada ɗan wani babba ya shiga da takardar ƙauyen da bai taɓa takawa ba.

3. A buɗe ajin share fage na shekara guda ga yaran da fitina ta katse wa karatun kimiyya.

4. Wanda aka ɗauki nauyinsa ya sa hannu zai yi wa garinsu aiki na wasu shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai namu. Ba kyau mu riƙa nuna gwamnati da yatsa hannunmu na cikin aljihu. In muka amince da ko naira 100 a kan kowane kwalin kifi da ya fita daga kasuwar nan, aka damƙa wa amintattu, ana karanta lissafi a gaban kowa, wallahi za mu iya ɗaukar nauyin 'ya'yan masunta su karanci ungozoma da gwajin jini. Kuma duk uban da ke son mace ce ta karɓi haihuwar matarsa, ya bar 'yarsa ta yi karatu. Ba daga sama za a sauko mana da su ba.

Baba, kai ka koya mana cewa arzikin kasuwar nan a bakin tafki yake. In masunci ya kwanta babu mai duba shi, rumfarka da tawa ne za su bushe. Shi ya sa na ce da ruwanmu, har da tsaki.

Wanda yake da ja, fili a buɗe yake, amma a yi cikin ladabi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da Borno lafiya. Amin.