Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Hanyoyi: A Ƙirga Mai Noma Kafin Katafila Ta Iso

Mai girma Minista Kwame Governs Agbodza,

Daga Moshi Zango a Kumasi nake rubuto maka, a kan sabuwar babbar hanyar Akra zuwa Kumasi, wadda Ministan Kuɗi Dakta Cassiel Ato Forson ya gabatar wa majalisa a watan Nuwamban 2025 cikin kasafin kuɗin 2026. Hanya ce mai layi shida, tsawonta kusan kilomita 200, za ta ratsa daji da gonaki maimakon bin tsohuwar hanya mai kusan kilomita 250. Mutanen zango ba sa buƙatar a yi musu bayanin amfaninta. Direbobinmu ne ke kwana a cunkoso, albasar 'yan kasuwarmu ce ke lalacewa a bayan mota, kuma mu ma muna cikin masu ɗauko gawawwakin 'yan'uwansu daga haɗurran tsohuwar hanya. Muna son wannan aiki, muna addu'ar ya kammalu.

Hanyar ba za ta bi ta unguwarmu ba, amma Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da wuya ka sami gari a ƙasar Akyem ko Asante Akyem da ba shi da zangonsa, kuma gonakin kokon yankin cike suke da Mosawa da Frafra da Kusasi da Busanga da Dagomba da Hausawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga arewa neman aiki. Danginmu ne, muna auratayya da su. Ranar da aka tashe su ba su da komai a hannu, ba wani wuri za su nufa ba sai Moshi Zango da Aboabo da Asawase, inda tuni iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Saboda haka shawarata ɗaya ce: kafin katafila ta shiga kowane ƙauye, a rubuta sunan duk wanda yake ci daga ƙasar, mai takarda da marar takarda, a biya shi hakkinsa a hannunsa.

Doka ma abin da ta ce ke nan. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa gwamnati biyan diyya mai adalci, isasshiya, ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba wanda aka karɓe wa dukiya damar zuwa Babbar Kotu. Ya ƙara da cewa idan aikin zai tashi jama'a daga mazauninsu, sai an sake tsugunar da su a wurin da ya dace da sana'arsu da al'adunsu. Dokar Filaye ta 2020 ta ci gaba daga nan: ta lissafa zaman noma bisa yarjejeniyar gargajiya cikin hakkokin da ake da su a kan ƙasa, ta kuma ce sai an ajiye kuɗin diyya a asusu na musamman kafin a karɓe fili. Matsalar tana wurin aiwatarwa. Mafi yawan ƙasar yankin ta kujerun sarauta ce da dangogi, kuma baƙon manomi ya shige ta ne da yarjejeniyar baka a gaban shaidu: abusa, inda yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona, ko abunu, inda ake rabawa biyu. Shaidun da yawa sun rasu, takarda kuwa ba a taɓa rubutawa ba.

Ga yadda abin ke kasancewa a ƙasa. Masu safiyo su kafa turaku, su zana jan fenti a bangon gida da jikin bishiya. Jami'in kimanta dukiya ya zo da littafinsa, ya ƙirga itatuwan koko da ayaba da kwakwar manja, ya tambayi dattawan gari: gonar wane ce? Su faɗi sunan mai ƙasa, kuma gaskiya suka faɗa. Mutumin da ya sare dajin, ya dasa irin, ya yi shekara huɗu ko biyar yana jiran kokon ya fara 'ya'ya, yana tsaye a gefe da addarsa, sunansa bai shiga littafi ba. Tunda kuma injiniyoyin soja aka ɗora wa aikin share hanyar, sai a tuna cewa talakan ƙauye ba ya jayayya da mai kaki, ko da gaskiyarsa. Shirunsa ba yarda ba ne. Dole ofishin farar hula ya riga sojan isa garin, da tafinta mai jin Tuwi da Hausa da harsunan arewa.

Tarihin ƙasar nan ya isa darasi. Da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, an tashi mutane kusan 80,000, aka rarraba su a sababbin matsugunai 52. Tsohon garin Kete Krachi, cibiyar fatauci da karatu inda babban malami Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, ya nutse a ƙarƙashin tafkin Volta. Ƙasa ta sami lantarki, amma ƙorafin waɗanda aka tasa kan diyya da gonaki ya wuce zamanin waɗanda suka yi aikin. Kusa da mu kuma, a watan Fabrairun 2016, saɓani kan katangar maƙabartar Musulmi a Old Tafo ya kai ga rasa rai da kafa dokar hana fita. Duk inda layin hanya ya taɓa maƙabarta ko masallaci ko coci ko wurin tsafin gari, zama da jama'a tun kafin a kafa turke ya fi kowane matakin tsaro araha.

Za a ce wannan zai jinkirta aiki, jinkiri kuma yana ƙara tsada. Mutanen Kumasi sun san jinkiri: gadar Sofoline da aka fara a 2007 ta haura shekara goma tana jan ƙafa, ta Suame da aka aza harsashinta a watan Oktoban 2022 ita ma ta sha tsaiko. Amma rubuta sunayen manoma aikin makonni ne, shari'ar fili kuwa aikin shekaru ce, kuma umarnin kotu guda ɗaya ya isa ya tsayar da ɗan kwangila da duk injunansa. Za a kuma ce da zarar an buɗe ƙofa, 'yan damfara za su kafa rumfuna su dasa rogo cikin dare don su ci diyya. Wannan yana faruwa, babu musu. Maganinsa a sa ranar rufe rajista, a sanar da ita a rediyo da masallatai da coci-coci, a ɗauki hoton layin daga sama a ranar, a manna jerin sunaye a fadar sarki da ƙofar makaranta. A ƙauye kowa ya san wanda ya shekara ashirin a gona da wanda ya zo jiya.

Hujja ta uku da za a kawo ita ce mafi nauyi: ƙasa ta sarakuna ce, gwamnati ta biya mai ƙasa, shi kuma ya sasanta da manominsa. Ba mu jayayya da ikon sarakuna. Zangunan Kumasi sun daɗe a ƙarƙashin inuwar fadar Manhyia, kuma muna girmama Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu. Diyyar ƙasa ta mai ƙasa ce. Amma diyyar shuka da gini da guzurin tashi ta wanda ya yi gumin ce, gwargwadon rabonsa a yarjejeniya. Barin baƙo ya je roƙon kasonsa bayan kuɗi sun shiga aljihun wani hanya ce ta haddasa gaba tsakanin mutanen da suka yi zamanai suna zaman lafiya. Raba biyan tun daga ofis kariya ce ga martabar sarakunan kansu.

Akwai kuma waɗanda ba za a taɓa gonarsu ba amma za a yanke musu abinci. Matan Nsawam masu sayar da burodi sun san abin da ke faruwa idan motoci suka koma kewaye gari. Hanya mai saurin gudu ba a tsayawa a gefenta, ba a kuma tsallake ta da kaya a ka. A ware wa matan ƙauyukan rumfuna a wuraren hutawar matafiya, a yi mashiga ta ƙasa ko gadar ƙafa a duk inda titin ya raba gari da gonakinsa, ko rafinsa, ko makarantarsa.

Mai girma Minista, ikon yin wannan yana hannunka. Ka umarci a buga taswirar layin a kowane gari da abin ya shafa. Ka sa sarakunan gargajiya da sarakunan zango da limamai da fastoci da wakilan mata cikin kwamitin tantancewa. Ka buɗe ofishin karɓar koke a kowace gunduma, ka kuma bayyana wa jama'a cewa kuɗin diyya suna cikin asusu kamar yadda doka ta tanada. Kada katafila ta tumɓuke bishiya ko ɗaya sai wanda ya dasa ta ya karɓi hakkinsa. Allah ya yi maka jagora, ya ba ƙasarmu Ghana zaman lafiya.

Naka mai fatan alheri,
Wani mazaunin Moshi Zango, Kumasi