Illela Na Buƙatar Wurin Jinyar Masu Shaye-shaye

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da gwamnatin Sakkwato za ta buɗe sashen jinyar masu shaye-shaye a babban asibitin Illela. Garin na bakin iyaka da Birnin Ƙwanni, kuma jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kan kama tiramadol a hanyar da ta haɗa garuruwan biyu. Kamun ya zama dole, amma matashin da jikinsa ya saba da ƙwaya, da zarar ya rasa ta, zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci kan mayar da shi wurin dillali.

Binciken likitocin ƙwaƙwalwa ya nuna cewa ɗorewa kan jinya na aƙalla wata 3 ne ke rage koma-baya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, sai dai kuɗin mota da kunyar a ce "ɗan wane yana Kware" kan sa iyali su janye tun ba a je ko'ina ba. Ya kamata a horar da ma'aikatan Illela bisa tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, likita daga Kware ya riƙa zuwa ranar kasuwa, limamai da masu unguwanni su taya bibiyar marasa lafiya.