An Kashe Maciji, Ba a Sare Kansa Ba: Gashi Bayan Tiyatar Sankarar Mama

A da, idan sankara ta kama mama, likitoci kan yanke shi ne baki ɗaya. Gwajin da wani likitan Amurka, Bernard Fisher, ya jagoranta tun daga 1976 yana cikin abubuwan da suka sauya wannan al'ada. An gano cewa idan ƙarin bai girma ba, ana iya cire shi da ɗan naman da ke kewaye, a bar wa mace mamanta, ba tare da kwananta ya ragu ba. Sai dai bayan shekara 20, cutar ta sake ɓulla a maman kashi 39 cikin 100 na matan da aka tsaya a kan tiyata, alhali kashi 14 ne kawai cikin waɗanda aka bi su da gashi.

Dalilin a fili yake ga ɗalibin ilmin halittu. Wuƙar likita tana cire abin da ido ya gani ne, amma ƙwayoyin sankara ƙalilan kan saura a ɓoye, su ci gaba da hayayyafa. Gashin nan kuwa ba na wuta ba ne. Haskoki ne masu ƙarfi, dangin waɗanda ake ɗaukar hoton ƙashi da su, masu lalata sinadarin gado na ƙwayar, su hana ta rabuwa. Lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na sankara iya gyara kansu, shi ya sa ake yin gashin kaɗan-kaɗan a kwanaki daban-daban.

A 2011 masana a Jami'ar Oxford suka tattara bayanan mata 10,801 daga gwaje-gwaje 17. Gashi ya rage dawowar cutar cikin shekara 10 daga kashi 35 zuwa 19, ya kuma rage mace-macen da take jawowa cikin shekara 15 daga kashi 25 zuwa 21.

Gaskiya ne gashi yana kawo kasala da duhun fata, kuma a Nijeriya na'urorinsa ba su da yawa, ga tsada, ga nisa. Haka nan wasu tsofaffi masu ƙaramin ƙari marar saurin yaɗuwa, likita yana iya ɗauke musu shi. Amma wahalar ta ragu: zama 25 na da ya koma 15, har binciken Birtaniya na 2020 ya nuna zama 5 yana wadatar da mata da yawa.

Saboda haka wajibi ne likita da dangi su tsayar da maganar gashi tun kafin a shiga ɗakin tiyata: ina za a yi shi, kuma da wane kuɗi? Inda babu halinsa, sau da yawa cire maman duka ya fi zama alheri. Ɗalibin da aka yi wa mahaifiyarsa irin wannan tiyata, ya tuna wa mutanen gida cewa warkewar ɗinki ba ita ce ƙarshen magani ba.