Baƙo, Ka Hau Lilon Garin Kafin Ka Shiga Kasuwarsa

Jama'a, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ni a ganina ba kowace tafiya ke buɗe shi ba. Sau da yawa mutum zai je wani babban birni na ƙasar waje ya yi mako guda, ya komo da akwati cike da tsaraba, amma in ka tambaye shi ina gabas ina yamma a garin, ko ta ina kogi ya ratsa, sai ya yi shiru. Shawarar da na kawo ita ce, duk wanda ya sami zarafin irin wannan tafiya ya fara neman babban lilon nan na ƙarfe mai siffar ƙafar keke, wanda ke juyawa da mutane cikin 'yan ɗakuna har sama, ya hau shi tun ranar farko.

Na san wani zai ce wannan ai wasan yara ne. To, ku ji asalinsa. Wani injiniyan gadoji na Amurka, George Ferris, shi ya ƙera na farko domin babban bikin baje koli na Shikago a 1893. Tsawonsa kimanin mita 80, ɗakunansa 36, kowanne yana ɗaukar mutum 60, watau mutum 2,160 ke nan a tashi ɗaya. Abin da ya ɗaga jama'ar ƙauye guda sama ya sauko da su lafiya, lalle ya wuce wasan yara. Da sunan mutumin nan Turawa ke kiran irin wannan lilo har yau.

Amma kada baƙo ya ce sai wanda ya fi tsawo zai hau. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ain Dubai ya fi kowanne tsawo, mita 250, an buɗe shi a 2021, amma bayan 'yan watanni aka rufe shi, bai sake juyawa da mutane ba sai ƙarshen 2024. Wanda ya kamata a nema shi ne wanda ƙirarsa ta fita dabam, don shi ke ba da labarin garin da mutanensa.

Ga misali na Biyana, babban birnin Ostiriya. An gina shi a 1897 domin murnar cikar Sarki Franz Joseph shekara 50 kan gadon sarauta, tsawonsa wajen mita 65. A 1916 aka ba da iznin rushe shi, sai rashin kuɗin aikin ya cece shi. Ya ƙone lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka gyara shi kuwa ɗakuna 15 kaɗai aka mayar, alhali da 30 ne. Wanda ya ƙirga ɗakunan nan ya tambayi dalili, ya karanta tarihin garin ba tare da buɗe littafi ba.

Na Landan kuma, wanda ake kira London Eye, an buɗe shi ga jama'a a 2000 a bakin kogin Temz. Tsawonsa mita 135, kuma ta gefe ɗaya kaɗai aka tokare shi, ya rinjaya bisa ruwa. Yakan yi kamar minti 30 kafin ya kewayo, tafiyarsa kuwa a hankali take, har ba a cika tsai da shi ba in mutane za su shiga. A Tokiyo akwai Big O, wanda tsakiyarsa fayau take, babu wayoyin nan irin na ƙafar keke, har wani ɗan jirgin wasa mai gudu yana ratsawa ta cikinsa. A Tiyanjin ta ƙasar Sin bisa gada aka kafa nasu, mita 120, motoci na wucewa a ƙarƙashinsa. Na Coney Island a Niyu Yok tun 1920 yake, kuma daga cikin ɗakunansa 24, guda 16 suna sulalewa bisa dogo yayin da yake juyawa. Kowane allazi da nasa amanu.

Saura maganar kuɗi, ita ce mai nauyi, gama tikitin waɗansunsu ba shi da araha, guzurin matafiyi kuwa ƙirgagge ne. Amsata ita ce a auna. Takalmin da aka sayo tsaraba zai tsufa a yar, amma wanda ya ga shimfiɗar gari daga sama, ya ga inda tsohon gari ya ƙare sabo ya soma, da inda tashar jirgi take, ba zai riƙa ɓata yana biyan kuɗin mota a banza ba, kuma abin da ya gani yana tare da shi muddin ransa. In kuɗin bai kai ba, ko tsayuwa a gindinsa a duba yadda aka ɗaure ƙarafan darasi ne, kuma kyauta ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, a zaɓi ranar da gari ya yi haske, a riƙe taswirar birnin a hannu, a riƙa gwada abin da ke kan takarda da abin da ke ƙasa. Wanda ya yi haka, in ya komo gida aka taru ana tambayarsa, zai iya zana garin a ƙasa da yatsa, yara da manya su gane. Gani ya kori ji.