Sola a Ofishin 'Yan Kwana-Kwana Ba Kwalliya Ba Ce

Da zarar an ambaci rage hayaƙi da sa wutar sola a ofisoshin kashe gobara, sai ka ji an yi caa: wai zancen Turawa ne, mu da ruwa da mota ma ba su ishe mu ba. Wannan ra'ayi ya yaɗu, kuma kuskure ne. Mutanen Gaya da Ajingi na cikin waɗanda zai fi cutarwa.

Gaskiya ne a Ingila damuwarsu ɗumama gini ce. A 2020 gwamnatinsu ta fara ware kuɗi don a cire tukwanen gas daga gine-ginen hukuma, a sa na lantarki. Mu tamu matsalar daban ce. To amma ruwan da ake cewa shi ne kan gaba, da me ake jawo shi? Rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai sumo ya juya, sumo kuma sai da wuta. In KEDCO ta ɗauke, sai janareto. Janareto sai fetur, fetur kuwa tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san inda farashinsa ya kai. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Gobara ba ta tafi hutu a waɗancan kwanakin ba. Ofishin da ke da farantin sola a kan rufi da tanki a sama yana cika motarsa da rana tsaka, ko akwai wuta ko babu. Wayarsa da rediyonsa ba sa mutuwa, kuma wayar nan ita ce hanya ɗaya da mai unguwa a ƙauyen Ajingi zai kira ɗauki.

Ku dubi lokacin da wuta ta fi tashi a yankin nan. Hunturu ne, bayan an gama girbi: rumbuna cike da gero da dawa, kara jibge a bayan gida, dannin zana a bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ga kaskon garwashi a ɗaki ana jin ɗumi. In har sai an jira mota ta taso daga birnin Kano, ta tsallaka gadar Wudil, to toka za ta tarar. Noman shekara ke tafiya a dare ɗaya. Haka in yaro ya faɗa rijiya da daddare, masu ceto na bukatar fitila mai caji, ba alƙawarin za a sayo mai gobe ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kuɗin sola na nan, ana kashe su. Fitilun titi nawa 'yan siyasa suka kafa, da sunansu manne a jikin turke, suka mutu babu mai gyara? An zaɓe su ne don ana ganin su daga bakin hanya. Sumo a bayan ofishin kwana-kwana ba ya jawo tafi, shi ya sa ba a waiwayarsa.

Ba na cewa motar kashe gobara za ta daina shan dizal gobe. Amma duk kuɗin da janareto bai ƙone ba, na man motar ne. Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, an kuma buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso a 2023. Rana dai ba ta fi haska Kumbotso a kan Gaya ba.

Shugabannin ƙananan hukumomin biyu da Masarautar Gaya su matsa wa Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano: duk ofishin da zai yi wa yankin aiki ya samu burtsatse mai sola da babban tanki. A rubuta kuɗin canjin batir a kasafi tun daga farko, a kuma ɗora wa wani ma'aikaci share ƙurar hunturu daga farantan, domin ƙura na rage musu ƙarfi a daidai watannin da aka fi bukatar ruwan.