"Gudanar Da" Ta Cinye Mana Aikatau

Maganarmu ta wannan mako a kan kalma ɗaya ce da ta zame wa rubutun Hausa ƙarfen ƙafa, wato "gudanar da". Ku duba labaran da ake turowa wannan zaure: an gudanar da biki, an gudanar da suna, an gudanar da jana'iza, har da an gudanar da girbi. Mu dai ra'ayinmu a fili yake: wannan lalaci ne, ba ƙwarewa ba.

Daga ina ta samo wannan ƙarfi? Daga fassarar labarai. Bature yana da conduct, da carry out, da hold, da perform, kuma bai ɗauke su abu ɗaya ba. Taro yakan ce hold, bincike conduct, umarni carry out, tiyata kuwa perform. Mai fassara a gidan rediyo, da agogo ke binsa, sai ya tattara su duka ya zuba a buhun "gudanar da". Shi yana da uzuri, minti kaɗan ya rage a karanta labarai. To, kai marubuci da ka kwana uku a kan babi ɗaya, wa ya kore ka?

Kalmar Hausa ce, ba mu musa ba. Daga "gudana" ta fito, kamar yadda ruwa ke gudana. Don haka ta dace da abin da ake tafiyarwa a hankali, ana lura da shi: gudanar da mulki, gudanar da bincike, gudanar da harkokin ofis. Nan ne gidanta. Aure kuwa ɗaura shi ake yi. Suna raɗawa ake yi. Sarki naɗa shi ake yi, hukunci a yanke, kasuwa ta ci, liman ya ja salla. Mamaci a yi masa wanka, a suturta shi, a sallace shi, a kai shi makwancinsa.

Ku fita gonakin Shika da kaka ku saurara. Manomi girbin dawa yake yi, ya karya masara, ya rori wake, ya haƙi dankali, ya tsinki tumatir. Kowace kalma tana nuna maka abin da hannu ke yi da yadda jiki ya sunkuya. Ko a Asibitin Koyarwa na Shika, mai jinya cewa yake "an yi wa Baba aiki". Ba wanda ke cewa an gudanar masa da tiyata sai a takarda. 'Yan tumatir na Kasuwar Sabon Gari ma ba su "gudanar da ciniki": tayawa ake yi, a yi albarka, a sallama.

Wani zai ce ai harshe canzawa yake, kuma fassara ce ta kawo. Fassara ba baƙuwa ba ce a Zariya. A nan Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya gina Magana Jari Ce, amma wa ya taɓa karanta shi ya ji warin baƙunta? Ya ɗauko labarin, ya bar musu jimlarsu. Canjin da ke ƙara wa harshe kalmomi arziki ne. Wanda ke maye kalma goma da guda ɗaya kuwa asara ce.

Asarar kuma mai karatu ke biya. Idan ka rubuta "an gudanar da bikin Hauwa", ba abin da ya gani. Ina sa lalle, ina kamu, ina kai amarya da sayen baki, ina buɗar kai? Rahoto ka ba shi, alhali labari ya zo nema. Yaron da ya tashi a Samaru yana karanta irin wannan a waya, gobe ba zai san ana roron wake ba, sai ya je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya nemi maganar kakarsa.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki babi ɗaya na rubutunsa, ya ja layi a ƙarƙashin kowace "gudanar da", ya tambayi kansa: me mutanen nan suka yi da hannunsu? Inda ofis ne, a bar ta. Inda rayuwa ce, a nemo kalmar da masu abin ke faɗa. In ta ɓace maka, tambayi tsohuwar gidanku kafin ka tambayi intanet.

Allah Ya ƙara mana basira, amin.