Yadda ɗan JSS 2 ya tsere wa ƙaton ajinmu a gokat

Yau filin tsere za mu leƙa, amma ku riƙe biro domin akwai lissafi a gaba.

A hutun da ya wuce mun je wani wurin shaƙatawa a Abuja inda ake ba da hayar gokat, wato ƙananan motocin nan marasa rufi da ake zama dab da ƙasa, ana zagaya fili, na'ura tana auna lokacin kowane zagaye. Muna tare da ƙaninmu ɗan JSS 2, siriri kamar sillen kara, da wani abokin karatunmu ƙaƙƙarfa wanda ya shekara uku yana tuƙa motar gidansu. Da sakamako ya fito, sai ga yaro a sama, abokin namu a can ƙasa. Tsiya ta yi yawa har ya cire hular kwano ya ce shi da gokat har abada.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ne suka haɗu masa, kuma dukansu suna cikin littafin fiziks ɗinku.

Na farko nauyi. Yawancin gokat na haya suna da ƙaramin inji ne, irin Honda GX200 ko GX270, dangin wanda ake ɗora wa janareta da injin ban-ruwa. Ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. Ku tuna doka ta biyu ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687: idan ƙarfin turi bai canza ba, duk yadda nauyi ya ƙaru, haka ɗaukar gudu ke raguwa. A ce motar kilo 150 ce. Direba mai kilo 50 ya hau, jimla 200. Mai kilo 80 ya hau, jimla 230. Inji ɗaya ne, amma na biyun yana jan ƙarin kashi 15 cikin ɗari, don haka ɗaukar gudunsa ya ragu da kusan kashi 13. Duk wanda ya taɓa shiga Keke Napep cike da fasinja a kan hawa ya san wannan a jikinsa. Asarar ta fi fitowa a wajen fita daga kwana, inda mota ke sake neman gudu, kuma zagaye ɗaya yana da kwanoni da yawa.

Na biyu lafiyar motar. Gokat na haya tana wuni a hannun mutane daban-daban, wasu na buga ta da tayoyin gefen fili. Wata tayarta ta suɗe, wata iskarta ta yi ƙasa, wata sarƙarta ta saki, wata kulocinta na zamewa, wata kuwa birkinta na ɗan kamawa ko ba a taka ba. A ido duk fenti ɗaya ne, a kan hanya kuwa kowace da halinta.

Da muka lallashi abokin namu, sai muka sa suka yi musayar mota da yaron. Gani ya kori ji: tazarar ta ragu ƙwarai, ashe motar da ya fara hawa ce mai ciwo. Yaron dai ya sake yin gaba, amma da ƙyar, kuma wannan ragowar ta nauyi ce. Abin da muka yi shi ne abin da malamai ke koya mana a ɗakin gwaji: a canza abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, sannan a yanke hukunci.

Masu shirya gasa sun daɗe da sanin haka. A gasar gokat ana auna direba, idan bai kai mizani ba a ɗaura wa motarsa dalma, kuma a gasannin motocin haya akan raba motoci da ƙuri'a. Hatta a Formula 1, a 2019 aka kafa doka cewa direba da kujerarsa kada su gaza kilo 80, don kada direbobi su riƙa takura wa cikinsu. Lewis Hamilton, zakaran duniya sau bakwai, da gokat ya fara yana ɗan shekara takwas.

Idan kun samu dama kun hau, mai nauyi ya lallaɓa sitiyari, ya rage zamiya a kwana, domin gudun da ya zubar yana da wuyar dawowa. Kada a taka birki da totur lokaci guda, yana ƙona kuloci. 'Yan uwa mata kuma a cusa bakin hijabi ko mayafi cikin riga sosai, saboda sarƙa da ƙarfen tayoyin baya suna juyawa ne dab da bayan kujera.

Ga aikin gida: mota kilo 150, direba ɗaya kilo 60, ɗayan kilo 90. Da kashi nawa cikin ɗari jimlar nauyin na biyun ta fi ta na farko? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.